Kuɗin Tara da Hannun Kaka

Na daina ba babban yarona kuɗin tara kullum, don kowace safiya sai an yi ciniki da kuka. Shekararsa 9. Ranar Litinin na damƙa masa na mako ɗungurungum, naira 1,000, na ce: "Ko ka raba ɗari bibbiyu har Juma'a, ko ka kashe yadda ka ga dama. In sun ƙare, babu ƙari sai wata Litinin." Abincinsa na cikin kula yana nan, ni ba na haɗa horo da cikin yaro.

Kafin a tashi ranar Talata awara da alewa sun lashe kuɗin. Da ya zo yana marairaicewa ban yi faɗa ba, ban kuma ce "ai na gaya maka" ba. Na ce sai haƙuri, a raina ina cewa jiki magayi.

Ashe Hajiya, mahaifiyar babansu, tana cike masa giɓin daga ƙarƙashin filonta! Makonni ina mamakin yadda yaro bai da ko sisi amma yake dawowa baki duk mai da yaji. Da na je da ladabi na yi mata bayani, sai ta ce: "Maigidan nawa za a bari yana kallon bakin yara?" Ina zan iya musu da ita? Na sunkuyar da kai na fito, amma wallahi abin ya ci min rai, don abin da yaron ya koya a makonnin nan shi ne in Umma ta ce a'a, akwai ɗakin da ake cewa to.

Babansu ne ya zauna da ita. Ba a ce ta daina kyauta ba, wa zai raba kaka da jika? Aka roƙe ta ta riƙa jefa nata a asusunsa, sai da Sallah a fasa. Ta yarda, har ita ke riƙe asusun.

Shi ya sa duk wadda ta ce min za ta gwada, nakan fara tambayarta su waye a gidan. Ki zauna da kaka da gwaggo da baban yara tun kafin ki buɗe baki ki ba yaro zaɓi. Kuma kada ki ambaci sakamakon da zuciyarki ba za ta iya jurewa ba, don ranar Larabar da ya fita hannu wayam da gaske, sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Yanzu yakan kai Alhamis da ɗari a aljihu. Ƙanwarsa ma ta ce a fara ba ta nata, na ce sai na fara shiga wajen Hajiya.