Na je asibiti lafiyata ƙalau

Talata, da dare.

Tun bayan sallar Isha'i ta jiya ban sa komai a baki ba sai ruwa, don an ce mai son a auna masa sukari sai ya yi aƙalla awa 8 bai ci abinci ba. Da safe ƙamshin ƙosai ya cika tsakar gida, ni kuwa na zura takalmi na fice kamar mai azumin nafila. Maman yara ce ta matsa min. Tun da maƙwabcina na rumfa a Kantin Kwari ya yanke jiki ya faɗi watan jiya, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ta bar ni na huta ba. Sa'ana ne, shekara 47, kuma har ranar ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba.

Asibitin sha-ka-tafi na bayan layinmu na je, inda ba sai ka san kowa ba, kati kawai za ka yanka ka bi layi. Mai yankan katin bai ko ɗago kai ba ya ce, "Me ke damunka?" Na ce ba komai. Sai ya ajiye biro ya dube ni. "To Alhaji, me ya kawo ka?" Na ce so nake a duba ni gaba ɗaya. Ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa mai kuɗin banza, ya rubuta. A kan benci wata tsohuwa ta matsa min wuri ta ce, "Sannu ɗan nan, ya jikin?" Na ce da sauƙi, Inna. Bayanin zai yi tsawo, kuma ni kaina kunya nake ji, ga masu zazzaɓi sun jingina da bango, ga yara na kuka, ni na zo da ƙafata ina tare musu layi.

Nas ta fara da sikeli: kilo 84, tsawo mita 1.70. Ta danna waya ta ce lissafin ya ba da 29, alhali daga 25 nauyi ya fara yawa, 30 kuma ƙiba ce sosai. Wannan tumbin da ake ce min alamar kasuwa ta buɗe ne. Sannan ta ɗaura min abin awon jini a damtse, ya matse ya saki. 152 bisa 96. Ta tambaya ko na ci goro ko na sha shayi, na ce ko ɗaya. Ta ce in zauna minti 5, ƙafa a ƙasa, ban da magana, ban da waya, don wasu ganin asibiti kaɗai ke tayar musu da jini. Na zauna ina kallon fanka ina ƙirga bashin da nake bin mutane, wanda na san ba zai taimaka ba. Awo na biyu ya ba da 144 bisa 92. Iyakar 140 bisa 90 ce.

Sauran ba su ɗau lokaci ba. An huda min yatsa, sukari 5.2, ta ce lafiya lau, sai ya kai 7 ake zancen ciwon sukari. Fitsari babu komai, ko da yake banɗakin babu ruwa, sai da na sayi na leda. Gwajin ciwon hanta nau'in B ya nuna ba ni da shi, aka ce gara in yi riga-kafin, allura uku cikin wata 6.

Likitan yaro ne, ba zai wuce sa'ar ƙanina na uku ba, kuma Baba ya kira ni. Wannan ta fi hudar yatsa zafi. Ya saurari ƙirjina da bayana, ya danna ƙafafuna ya ga ko sun kumbura, sannan ya tambayi abin da ya kashe mahaifina. Na buɗe baki zan ce ciwon ajali, sai na tuna yadda marigayin ya kwana biyu ba ya magana, bakinsa a karkace. Hajiya kuma shekara da shekaru tana shan maganin hawan jini, ni nake saya mata, amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin ya shafe ni ba.

Na zaci zai rubuta magani, sai ya ce a'a, awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, in dawo sau biyu a ranaku daban. Kafin nan in rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. In riƙa tafiyar ƙafa minti 30, kwana biyar a mako. Na yi shiru, don ko masallacin Juma'a a babur nake zuwa.

Na miƙa wa maman yara takardar, ta karanta ba ta ce uffan ba. Miyar kukar daren nan dunƙule ɗaya ta samu, sauran duk daddawa ce, yara sai kallona suke kamar ni na yi musu laifi. Alhamis da safe zan koma, a ƙafa.