Saƙon godiya bayan ziyararmu zuwa Montgomery

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin da ya shirya tafiyar 'yan'uwanmu Hausawa mazauna unguwar Bronx ta birnin New York zuwa birnin Montgomery na jihar Alabama, ina miƙa godiya ga duk wanda ya taimaka da aljihunsa ko da ƙarfinsa har muka je muka dawo lafiya, musamman iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin guzuri, da matasan da suka yi ta yi wa dattawa tafinta ba tare da ƙosawa ba.

Babbar godiyarmu tana ga lauya Bryan Stevenson da ma'aikatan ƙungiyar Equal Justice Initiative, wadda ya kafa a 1989, domin aikinsu ne muka je gani. Baƙar fata ne haifaffen jihar Delaware, kuma da ya kammala karatun lauya a Harvard a 1985 sai ya nufi jihohin kudu na ƙasar Amurka, inda ya duƙufa wajen kare talakawan da aka yanke wa hukuncin kisa, ba tare da karɓar ko sisi daga hannunsu ba. Shi ya tsaya wa Walter McMillian har aka sake shi a 1993, bayan shekara shida yana jiran kisa kan laifin da bai aikata ba. Haka kuma Anthony Ray Hinton, wanda ya fito a 2015 bayan ya kusa shekara 30 a tsare. A 2012 Stevenson ya yi nasara a Kotun Ƙoli, wadda ta hana dokokin da ke tilasta ɗaurin rai da rai marar damar sassauci a kan waɗanda ba su kai shekara 18 ba.

A dandalin tunawa da ƙungiyar ta buɗe a 2018 mun ga ginshiƙan ƙarfe sama da 800 a rataye, kowanne ɗauke da sunan gunduma da sunayen baƙaƙen fatar da gungun mutane suka kashe a cikinta ba tare da shari'a ba. Ƙungiyar ta tattara bayanan irin wannan kisa fiye da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. A gidan tarihin ƙungiyar kuwa akwai kwalaben da aka cika da ƙasar wuraren da aka yi kisan, wata ja, wata baƙa, da sunan mamaci a jikin kwalba. Mutanenmu na zangon Kumasi sun daɗe a tsaye gaban mutum-mutumin bayi cikin sarƙa, aikin ɗan ƙasarsu ta Ghana, Kwame Akoto-Bamfo.

Muna kuma gode wa 'yar'uwarmu lauya mai kare marasa hali, wadda ta raka mu, ta kuma fayyace mana abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba, wato tun 1963 wajibi ne hukuma ta ba talaka lauya idan ana tuhumarsa da babban laifi, amma a kotun shige da fice babu wannan wajibcin. Ga waɗanda maganar takardu ke gabansu a cikinmu, a ganina wannan bayanin kaɗai ya biya kuɗin mota.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Sakataren kwamiti