Motar da na kashe da hannuna a watan Afrilu

Shekara goma sha ɗaya kenan ina kanikanci a Kano, bakwai daga ciki a ƙarƙashin maigidana na yi su, mutumin da ya taso a zamanin Fijo 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna. Shi dai ka tayar da mota ya kasa kunne, sai ya ce maka ringi ne ko mital ya fara ci, kuma in aka buɗe yawanci haka ake tararwa. A wannan makarantar na tashi, kunne da hanci da tafin hannu, kuma har gobe da ita nake cin abinci. Sai da na fara taɓa motocin gudu masu turbo, wato na'urar da ke hura wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, na gane akwai inda kunne baya kaiwa, kuma ban gane da arha ba wallahi, injin ɗan mutane na kashe.

BMW 335i ce, E90, mai injin N54 ɗin nan da ya fito a 2006, silinda shida a jere, lita uku, turbo biyu, doki 300 da ɗan ɗoriya. Beljiyam ce daga Amurka, mu ai duk motar da aka hau a waje Beljiyam ce ko daga ina ta fito. Mai ita wani matashi ne ɗan gidan wani Alhaji, ya zo ya ce min "Injiniya so nake ta riƙa tashi, abokina mai C63 ya raina ni." Ita kuwa C63 ɗin Marsandi ce mai lita 6.2, silinda takwas, ba sa'arta bace. Amma lokacin ban daɗe da sayen kebul da manhajar da ake sauya wa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, saiti ta waya ba, hannuna ƙaiƙayi yake, na ce mai kawo ta.

A cikin manhajar akwai fayil kala-kala, wani an rubuta 91 wani 93, wato irin fetur ɗin da aka tsara shi dominsa. Na san namu fetur a takarda bai wuce 91 ko kusa da haka ba, sai na danna 91 ina jin ni mai taka-tsantsan ne ma tunda ban zaɓi 93 ba. Ashe mudun awon ba ɗaya bane. Mu da Turai lambar RON muke kira, Amurka kuma RON da MON suke haɗawa su raba biyu, shi yasa 91 ɗinsu wajen 95 ne a namu awon, 93 ɗinsu kuma ya kai 98. Lambar nan tana nuna yadda mai yake jure matsi da zafi ne kafin ya fashe da kansa, in ya fashe ba a kan lokacinsa ba kan fistin yake duka kamar guduma. Injin yana da sensa da ke jin wannan dukan, birenbos ya ja wuta baya don ya kare kansa, amma akwai iyakar inda zai iya ja.

Daga kamfani turbo ɗin wajen psi 8 na matsin iska yake hurawa, ni kuma na kai shi kusan ninki biyu, a watan Afrilu, zafin Kano ya haura 40, intakula mai sanyaya iskar turbo ta asali ce ƙarama, fulogi ban ciro na duba ba, nozul ban gwada ba. Muka ɗan zaga ta unguwa, mota ta manna mu da kujera, yaro yana ihu yana "kai Injiniya Allah ya ja kwana", na karɓi kuɗina har da tukuici.

Kwana tara ta yi. Ya kira ni da yamma daga wajen Kwanar Dangora a hanyar Zariya, wai ya ƙure mata totur sau biyu sai ta fara kakkarwa tana hayaƙi. Aka jawo ta, na auna matsin silinda, biyar lafiya lau, ɗaya kusan babu. Da muka sauke tof silinda muka ciro fistin ɗin, gefen da ringi ke zama ya tsage ya ɓalle, ya kuma karce jikin silindar.

Alhaji da kansa ya zo garejin, bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa yai "yaro, me ka yi wa motar nan?" Na so in ɗora wa man da aka sha, kowa haka yake yi kuma ba mai ƙaryata ka, amma maigidana yana zaune a benci, ni na aika a kira shi ya shiga maganar, ya kafe ni da ido. Na ce "Alhaji laifina ne, na sa mata abinda ban auna ba." Aka yi sulhu, aiki kyauta, kuɗin injin kuma mu raba. Ba a samu a Ƙofar Ruwa ba sai Ladipo a Legas aka aika, na sayar da babur ɗina, wata biyar ina biya.

Tun daga nan ba na ƙara wa mota ƙarfi sai na tabbatar lafiyarta ƙalau a yadda kamfani ya barta. Fulogi da kwayil sababbi, in auna matsin silinda, in duba famfon mai mai ƙarfi wanda dama sananne ne da ciwo a wannan injin, in duba bututun roba da ke kai iska daga intakula don yana fashewa in matsi ya ƙaru. Sannan in hau titi da kwamfuta a jone, giya ta uku, in taka tun daga ƙasa har sama tana rubuta komai, zafin iskar da ke shiga, matsin mai, da digiri nawa birenbos ya janye a kowace silinda. Da na yi haka a waccan motar a ranar farko zan ga silindar tana kuka, minti goma kacal. Kuma da tsakar rana nake gwajin, don motar da ta yi kyau bayan isha'i a watan Disamba ba lallai ta yi kyau da azahar a watan Afrilu ba.

Abinda ya fi ba ni wahala shi ne rabuwa da wasu abubuwan da aka koya min. Misali cire tamostat, wanda ke tare ruwan lagireto har sai injin ya ɗau zafi. A garejinmu duk motar da ta shigo ƙasar nan abu na farko a cire shi a yar, wai na ƙasar sanyi ne. A tsohuwar Fijo ka sha lafiya, amma waɗannan an ƙera su ne su yi aiki da zafi, baƙin mai ya kai digiri 110 ba komai bane a wurinsu, in injin ya ƙi ɗaukar zafi birenbos sai ya yi ta ƙara fetur yana zaton safiya ce, man ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Kuma ainihin ciwon yana nan ka rufe shi, don a N54 famfon ruwa na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba, yana mutuwa ne farat ɗaya, sai dai ka ji fanka ta ɗau ƙara kamar jirgi zai tashi. Mun sha musu da maigida a kan wannan, ya ce "kai yaron nan kwamfuta ta ɓata ka", ni dai sai in ce "Baba a bar min wannan ɗin."

Ruwan rijiya a lagireto ma na daina, haka baƙin mai 20W-50 da muke ɗura wa kowace mota, wannan 5W-40 mai lambar amincewar kamfani take so, lita shida da rabi, kuma bata da sandar awo, a dasbod ake dubawa. Sai matatar iska buɗaɗɗiya mai kama da mazurari da samari ke so saboda ƙarar fishhh da take yi, zafin cikin bonet take zuƙa, lokacin hunturu kuma ƙura.

Maganar indomi kuwa, wato sinadarin nan mai ramuka na cikin salansa, ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Cire shi daga bayan turbo yana sa hayaƙi ya fita da sauƙi, wannan haka ne, amma da yawa cikin masu cewa "oga ya toshe a cire" kuɗin da ke jikinsa suke hange, akwai platinum da palladium a ciki, kuma akwai masu saye. Ni in mai mota ya dage sai na gaya mai zai sha wari, wutar cek injin zata kama, sannan in sa mai abinsa a but ya tafi da shi.

Wani abin da ban sani ba da, injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, man baya bi ta bayan bawul ɗin shan iska, sai baƙin datti ya taru ya daskare a wurin. Duk kwalbar maganin wanke nozul da zaka juye a tanki bata isa can, sai an cire manifol an fesa garin ɓawon gyaɗar turawa da iska mai ƙarfi. Na taɓa yin wata biyu ina canza wa wani kwayil a banza a kan wannan.

Yaron nan ya dawo bayan shekara, injin yana lafiya a saitin kamfani, ya ce yanzu so yake in sa mata tana harbi ta salansa in ya ɗaga ƙafa, irin na masu wasan mota a biki. Na ce mai fetur ne ake bari ya ƙone a cikin salansa, turbo ɗinsa ne zai sha wutar, kuma turbo ɗin nan biyu tun na Amurka ne sun fara ƙarar gwangwani. Ya ce akwai wanda zai yi mai a Abuja. Na ce to Allah ya kiyaye hanya, ka gaida Alhaji. Na dai roƙe shi ya tsaya in canza mai famfon ruwa kafin ya hau titin, ya ce sauri yake sai ya dawo.