Amurka ta fice daga Agadas, tutar Rasha ta shigo Kano

Talata, 6 ga Agusta, 2024

Zanga-zangar tsadar rayuwa ba ta lafa ba, gari duk a tsorace, ban ma yi marmarin buɗe shago ba. Bayan la'asar na leƙa gidan Kawu, na tarar da shi a zaure da rediyonsa, ƙanena na gefe yana nuna masa bidiyon yaran da ke zagaye unguwanni da tutar Rasha. Ko gaisuwa ba mu gama ba aka saka ni cikin musu.

Labari biyu ne suka haɗu. Jiya babban hafsan tsaro, Janar Christopher Musa, ya ce ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne, har an fara kama telolin da ke ɗinka ta. A jiyan nan kuma sojojin Amurka suka miƙa sansanin 201 na Agadas, wanda aka kashe wa sama da dala miliyan 100, inda jirage marasa matuƙa ke tashi tun 2019. A watan Maris sojojin Janar Tiani da ke mulkin Nijar suka soke yarjejeniyar da ta ba su izinin zama, bayan sun riga sun sallami Faransa a Disamban bara.

Ƙanena sai murna yake, wai Nijar ta tsinke igiyar mulkin mallaka, saura mu. Kawu ya kalle shi ya ce, “Kai yaro, ranar da babba ya naɗe hannu, ƙanana ne ke mutuwa.” Ya kawo Ruwanda a 1994, inda aka kashe mutum wajen dubu 800 cikin kwana ɗari. Amurka ta ƙi motsi saboda sojojinta 18 da aka kashe a Mogadishu wata shida kafin nan, sai a 1998 Clinton ya je Kigali yana nuna nadama. Ya ƙara da shirin PEPFAR da Bush ya kafa a 2003, wanda masu cutar ƙanjamau a Najeriya ke samun magani ta hanyarsa, da sojojin da Obama ya tura Laberiya lokacin Ebola a 2014. A wurin Kawu, wanda Allah ya ba ƙarfi nauyi ne ya hau kansa, zamansa a gida ma laifi ne.

Ban raina maganarsa ba, musamman ta Ruwanda. Amma na ce, “Kawu, ku gafarce ni, ai Bush ɗin nan shi ne ya ci Iraƙi da yaƙi a 2003 ɗin.” Kuma da sunan Nijar aka yi. An fito da wasu takardu da ke cewa Saddam na neman sayen tan 500 na yuraniyam daga can. Amurka ta tura tsohon jakadanta Joseph Wilson zuwa Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce zancen ba shi da tushe. Duk da haka Bush ya tsaya gaban majalisa a Janairun 2003 ya ambaci yuraniyam daga Afirka. Ranar 7 ga Maris, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Kafin mako biyu su cika bama-bamai na sauka a Bagadaza. Makaman ƙare dangin da aka je nema ba a same su ba, kuma babu shugaban da ya gurfana gaban kotu a kan haka.

Libiya ta fi taɓa mu. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 na Maris 2011 ya ba da izinin kare farar hula, Najeriya ma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa, abin da mutane da yawa suka manta. Jiragen NATO suka wuce nan har sai da aka kashe Gaddafi a Sirte cikin Oktoba. Rumbunan makamai suka fashe, bindigogi suka gangaro Sahel, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye. A 2016 Obama da bakinsa ya ce rashin shirya wa abin da zai biyo baya shi ne babban kuskuren mulkinsa. Ya faɗa, ya gama wa'adinsa lafiya, mutanen Gao da Tillaberi ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan. Niyyar babbar ƙasa ba ta dame ni ba, ta yiwu ma mai kyau ce. Ni dai ina son in ji ko an nemi yardar waɗanda za a taimaka wa, ko suna da ikon cewa ya isa, da kuma wanda zai ɗauki asara idan lissafi ya ɓaci. A Iraƙi da Libiya mai yanke shawara daban, mai binne gawa daban. A Agadas kuwa, gaskiya, an ce su tafi sun tattara sun tafi. Hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da suka ƙone Birnin Konni a 1899 ba wanda ya isa ya ce musu haka.

Ƙanena ya zaci na koma ɓangarensa, sai na juyo kansa. Sojojin Rasha masu horarwa sun sauka Yamai tun Afrilu. Rashar da ta afka wa Yukren a 2022 ba sadaka ta zo rabawa ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Moura ta Mali cikin Maris 2022, a hannun sojojin ƙasar da wasu baƙin sojoji. Ya ce farfagandar Turawa ce. Haka yake cewa a kan duk abin da bai yi masa daɗi ba.

Kawu ne ya rufe mana baki gaba ɗaya. Ya ce kafin mu zagi Amurka mu tuna bara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba sojojin Nijar mako guda, ta yi barazanar yaƙi. Najeriya ta katse wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, aka rufe Jibiya da Illela da Maigatari, manyan motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a kai. Sai a Fabrairun bana aka ɗage takunkumin, hamɓararren shugaba Bazoum kuma har yau yana tsare. “Da sunan dimokuraɗiyya muka yi,” in ji Kawu, “kuma ba janar ko ɗaya da ya kwana a duhu.”

Na ce ai wannan hujjata ce ba tasa ba. Ya ce a'a, tasa ce, don sojojinmu na ECOMOG ne suka mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998, kuma bai taɓa jin na kira wannan mamaya ba. Ya ce in kawo masa amsa ranar Juma'a.