Godiya bayan jinyar Inna, har da ta dattijon da ya gyara mana injin wanki

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram da na nesa.

Alhamdu lillahi, Inna ta samu sauƙi. Jiya da hantsi ta taka daga ɗakinta har gindin dogon yaro, sanda a hannu, bayan wata uku tana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ma'aikatan asibiti, masu zuwa dubiya, masu aiko kwano da waɗanda suka yi ta kira daga Yamai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Akwai kuma wani dattijo mai gyara a Sabon Gari da ya hana ni faɗin sunansa. To, sunan na bari, amma aikin sai na faɗa.

Wanda bai yi jinyar mai kwanciya ba bai san wanki ba. Yayana da ke Kano ya ga hannuwana sun fara tsagewa, sai ya aiko mana injin wanki da aka taɓa amfani da shi, mai ƙofa a gaba, mai cin kilo 7. Wata guda muna lafiya, sai ya fara hauka. Lokacin wanki shiru, amma da ya zo matse ruwa sai ka ce injin niƙa ya ci tsakuwa, yana rawa yana tafiya har ya kusa tsinke tiyo. Da dare muke wanki don lokacin muke samun ruwa, sai Inna ta farka a firgice ta ce, "Wa ke daka da tsakar dare?"

Mai gyaran farko ko bayan injin bai buɗe ba ya ce moto ya ƙone, in kawo jika arba'in. Hajiya maƙwabciyarmu ce ta ce, "Moton da ya ƙone yaya yake juyawa?" Ita ta aika ɗanta ya ɗauko dattijon a babur.

Da zuwansa ya ce, "Ɗiyata, cire wuta tukuna." Ya dafa injin ya girgiza, ashe ƙafa guda ba ta taɓa ƙasa, don simintin wurin ya gangara wajen magudana. Ya murɗa ƙafar har ya zauna daram. Ya leƙa baya ya ga ko an manta da ƙusoshin da ke riƙe gangar da ake zuba kaya a ciki in za a yi tafiya da injin, babu su. Sannan ya tambaye ni abin da nake sawa in ƙarar ta fi yawa. Na ce bargon Inna, shi kaɗai. Ya yi dariya. Ya ce wajen wanki a hankali gangar take juyawa, amma wajen matsa tana yin juyi 1000 a minti guda, jiƙaƙƙen bargo kuwa gefe ɗaya yake dunƙulewa, dole ta riƙa dukan jikin injin. In haɗa shi da tawul biyu nauyi ya rabu. Ya buɗe ƴar ƙofar da ke ƙasa ya zaro matatar, sai ga dala ashirin ta yi baƙi da ƙaramar allura. Kunya ta kama ni, don ni ce ba na laluben aljihu.

Muka kunna. Rawar ta ragu, gurnanin yana nan.

Nan na ga aikin hannu. Ya sake cire wuta, ya sa hannu cikin gangar babu kaya, ya juya ta a hankali yana kasa kunne. Ya ce in matso. Na ji gurr gurr, kamar yashi a cikin ƙarfe. Ya kama bakin gangar ya ɗaga sama, ta yi lako-lako. Ya kwance murfin baya ya haska mini wani layin tsatsa da ya gangaro daga tsakiya. Ya ce boris ne ya mutu, abin da masu gyaranmu ke kira rulma, wato zoben ƙarfen da sandar gangar ke juyawa a cikinsa. Biyu ne, da wata roba a gabansu da ke tare ruwa. In robar ta gaji ruwa ya shiga ya wanke man, tsatsa ta ci su. In aka ci gaba da aiki a haka sandar gangar ma za ta cinye, gyara ya koma tsada. Mun ci sa'a namu irin mai kwancewa da noti ne, akwai waɗanda ake liƙewa tun daga kamfani. Ya kuma hana ni cika kaya maƙil da zuba garin sabulun wankin hannu, kumfarsa ta yi wa irin wannan inji yawa. Moto kuwa ƙalau yake.

Ya karanta lambar da ke jikin boris ɗin ya samo irinsu a Kasuwar Dole. Robar ce sai daga Kano. Direban da ya kawo ta ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya tsare masa hanya. Kwana huɗun da muka yi jira, Hajiya da ɗiyanta mata biyu suka riƙa kwasar zannuwan Inna suna dawo da su a ninke. Wankin mara lafiya ba kowa ke taɓa shi ba, Hajiya, na sani.

Da ya gama ɗaurawa muka kunna, injin ya matse kaya Inna na barci ba ta ko motsa ba. Na ce, "Baba, nawa ne aikin?" Ya karɓi kuɗin kayan da ya saya kawai, ya ce sauran in ƙara a maganin Inna. Allah ya yi wa zuri'arsa albarka, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Dala ashirin ɗin tana wurin Inna, ta ƙulle ta a bakin zane. Ta ce ranar Juma'ar da ta iya fita ƙofar gida da kanta za ta ba almajiri. Ku ci gaba da sa ta a addu'a.