Asabar: Na Hau Dala Ban Tsaya Ba

Tun bayan sallar asuba autana ya tasa ni gaba sai na cika alkawarin kai shi Dutsen Dala. Rabona da dutsen nan tun ina busa sigari, lokacin da ko bene na hau sai na dafe bango ina haki. Yau kuwa muka kama matakala har ƙoli ban nemi wurin zama ba. Numfashi ya ɗan yi sama, amma babu tarin nan mai kaki da ke durƙusar da ni. Yaro yana nuna mini rufin Kurmi da hasumiyar masallacin Sarki, ni kuma ina ta hamdala a zuci.

Da zan bari, likita ya ce mini jiki ba ya ɓata lokaci wajen gyara kansa. Minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya ke fara sauka, cikin awa 12 kuma gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska ta ragu ta koma daidai. Tari da haki kan ɗauki watanni kafin su lafa, wannan na gani da idona. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Mahaifina zuciya ce ta tafi da shi, Allah ya jiƙansa, kuma har ya kwanta ciwo kwalin taba na ƙarƙashin filo.

Mun dawo mun tarar da waina da miyar taushe. Tun daga zaure na jiyo ƙamshin man shanu, abin da hancina ya yi shekaru bai sani ba. Uwargida tana miƙo kwano ta ce, "Malam, ka lura kuwa 'yarka ta daina tarin dare?" Na lura. Yarinyar tana da asma, kuma tun da hayaƙi ya bar ɗakin nan barcinta ya gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa, ba su taɓa sa kara a baki ba.

Da magariba na zauna teburin mai shayi. Abokina bakanike ya kunna tasa ya miƙo mini: "Ɗan ja ɗaya mana, mutumina." Ƙamshinta ya taso mini da kwaɗayi sosai. Na ce a ƙaro shayi, na ciro asuwaki na sa a baki, kafin a kai mintuna kaɗan abin ya sake ni. Haka yake zuwa, haka yake wucewa.

Abin da ya ɓata mini rai wani yaro ne, bai fi sa'ar autana ba, ya zo da canji a hannu aka ba shi kara biyu. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma ga shi a gaban kowa. Na yi wa mai teburin magana, ya ce aiko shi aka yi. To, ai ta aike da yawanmu muka koya.

Bakanike ya yi shiru, can ya ce kwana biyu ƙirjinsa na yi masa nauyi in yana buga babur. Mun yi da shi ranar Litinin zan raka shi asibiti a auna jininsa, a duba masa ƙirjin.