Babban fayil ɗin da ya ɓace a hutun Sallah

Na gina wa wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas manhajar da ke lissafin motocin da ke sauke masa kaya daga Sakkwato, kuma na zaɓi Spring Boot, wani kayan aikin gina manhaja, saboda tana tafe da sabar Tomcat a cikinta, wato sashen da ke karɓar buƙatun masu amfani da manhajar yana ba su amsa. Fayil ɗaya na jar, wanda ya ƙunshi manhajar gaba ɗaya, na ɗora a kan tsohuwar kwamfutar ofis mai aiki da tsarin CentOS 7, na ba da umarni guda, manhaja ta tashi a ƙofa ta 8080. Sauƙin nan ne ya ruɗe ni, har ban taɓa tambayar kaina inda sabar take ajiye kayan aikinta ba.

Ashe duk lokacin da ta tashi, babban fayil, wato folda, take buɗe wa kanta a cikin /tmp, wurin ajiyar wucin gadi na kwamfutar, kuma nan hotunan rasit suke yada zango kafin su isa ma'ajiyarsu. Shi kuwa CentOS, ɗabi'arsa ce ya share abin da ya kwana 10 a wurin ba a taɓa shi ba. Wata 7 muka yi lafiya, domin kullum ana ɗora rasit, ɗauke wuta kuma yana tilasta wa sabar sake tashi. Da Alhaji, dillalin nan, ya sa inbata kwamfutar ta daina mutuwa, ni ne na fi kowa murna.

Sai aka tafi gida Babbar Sallah, aka bar kwamfuta a kunne mako biyu. Ranar dawowa, tun da asuba ya kira ni: "Injiniya, abin nan naka ya ƙi karɓar rasit, ga direbobi uku a tsaye a kaina." Daga Agege na taso cikin cunkoso ina zargin intanet, na ɓata awa huɗu ina tonon abin da lafiyarsa ƙalau, alhali saƙon kuskuren ya faɗa ƙarara cewa wurin ajiyar wucin gadi ba ya nan. Yaransa kuwa sun koma rubutu a bayan kwali.

Layi ɗaya ne maganin, wato server.tomcat.basedir, wanda ya mayar da ajiyar wurin da ba a sharewa. Na san sauran iyakokin wannan sabar: sabunta Tomcat sai an sake gina jar, kuma idan ta sake tashi kowa sai ya sake shiga da kalmar sirri. Waɗannan ban damu da su ba, tunda da idona a buɗe na karɓe su. Na /tmp ɗin nan ne har yau yake ci mini rai, kuma har yanzu idan Alhaji zai yi tafiya sai ya tambaye ni ko a kashe kwamfutar.